Ganyen Rumfa ta Uku

Litinin, 2 ga wata, 7:40 na safe

Ƙasar rumfa ta uku a jiƙe take.

Na tsoma yatsa a leda ta farko, na ciro shi da laka. Ta biyu haka, ta goma haka. Rumfa ta uku fa, wadda muka hana ruwa da gangan mako bakwai ke nan. A kanta duk aikin ya rataya. Rumfa ta ɗaya ana shayar da ita kullum, ta biyu sau ɗaya a mako, ta uku sai dai ta kalli tiyo yana wucewa. Irin itace goma sha biyu, na tare iska da ciyar da dabbobi, kowane iri dashe talatin a kowace rumfa. Abin da ake nema shi ne wanne ne ganyensa yake sauya hali idan ruwa ya ɗauke, wanne ne kuma yake kai labari. Shekara biyu ina wannan awon, a kansa digirina yake.

Na tarar da Baba mai ban-ruwa zaune a kan baro yana ɗaure bakin tiyo da roba. Shekararsa talatin da ɗaya a cibiyar binciken itatuwan nan.

Na ce, "Baba, wa ya shayar da ta uku?"

Bai ɗago ba. "Ni ne, Malama."

"Da izinin wa?"

Ya nuna tagar bene da haɓa. "Ran Asabar aka kira ni. Aka ce in ba su su ƙoshi."

Ban hau benen ba. Na shiga ɗakin awo na wanke hannu.

Litinin, 4:30 na yamma

A bayan littafin awo nake rubuta wannan, daga shafin ƙarshe ina tahowa baya, don ba ni da wanda zan faɗa wa. Saiwar da ta riga ta mutu aka kwarara mata ruwa ta fara ruɓewa. Rumfar tana wari irin na tsumman goge-goge da aka manta a bokiti.

Talata, 3 ga wata, 1:15 na rana

Farfesa ya aiko in hau.

Ofishinsa sanyi kamar cikin firji, ga turaren nan nasa mai hawa kai. Ya gama cin abinci ke nan, yana sakace. Yakan zaro abin da ya zaro, ya kalle shi, ya mayar baki. Shekara huɗu ina ganin wannan, yau ne kawai na kawar da kai.

A bayansa ga kalandar cibiya da hoton iri na tara. Shi ya raɗa masa Gagara-fari. An raba wa manoma dashensa dubu arba'in bara, an kafa allonsa a bakin titi. Masu ba mu tallafi za su zo ran sha tara ga wata su gan shi da idonsu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, an ɓata gwajin."

"An ceci gwajin, 'yata. Baƙi za su taso daga nesa su zo kallon gawa?"

"Sha takwas cikin talatin na lamba tara sun riga sun mutu."

"Sun yi barci." Ya yi dariya shi kaɗai. "Ba ke kika rubuta cewa lamba tara ta fi kowane iri sauya ganye ba?"

Ni na rubuta, kuma gaskiya ne. Ana yanke mata ruwa, sabon ganyen da take fitarwa yakan dawo rabin na da, ya yi kauri, ya rufe ƙofofin numfashinsa tun kafin rana ta take. Abin sha'awa a takarda. Sai a mako na shida ta zube gaba ɗaya kamar an yi mata asiri. Lamba huɗu kuwa, mummuna, mai ganye kamar harshen takalmi, ba abin da take sauyawa, ko da ruwa ko babu. Ashirin da bakwai cikin talatin suna nan tsaye. Na ce masa sauya ganye daban, tsira daban.

Ya ajiye tsinken a kan rahotona. "Bara ma ai mun fahimci juna. Me ya sauya bana?"

Na ce a fito lafiya, na sauko.

Laraba, 4 ga wata, 8:00 na safe

Ba zan rubuta zancen bara ba.

Alhamis, 5 ga wata, 12:50 na rana

Aiki na yi, wai ko zai ɗauke mini hankali. Ganye sittin. In auna faɗi, in auna kauri, in shafa wa bayansa jan farce marar launi, in bari ya bushe, in ɗaye da salatef, in ɗora a gilashi, in ƙirga ƙofofin numfashi a na'urar ƙara girma. Da can ba abin da nake so kamar wannan. Suna fitowa jere kamar ƙananan leɓuna. Yau ina ƙirgawa ina tambayar kaina wa nake yi wa.

'Yar To ta shigo neman almakashi. Tebur ɗaya muke, shekara uku. Mun sa mata sunan ne don duk abin da aka ce mata daga sama, "to". Ko ka ce mata gobe za a rushe ginin tana ciki, "to". Ta toshe hanci.

"Ƙawata, me ya mutu a rumfarki?"

Na ce, "An ce barci suke."

Ta ce, "To." Wallahi haka ta ce. Ta ɗauki almakashin ta fita.

Asabar, 7 ga wata, 10:20 na safe

Yaya ya kira. Na ga sunansa na bar wayar ta gama kukanta. Ya sake kira.

"Likitan ganye! Kin yi tsada."

Muka gaisa, ya tambayi aiki, na tambayi iyali da bayansa da ke ciwo. Sai ya ce, "Itatuwanki fa suna wani abu. Ganyen sun ƙanƙance, yanzu kuma na layin gabas suna zuba. Ko taki suke so?"

Itatuwana. Ɗari huɗu, lamba tara, ni na kai masa su har gona a motar cibiya. Rani guda yana ɗauko musu ruwa a jarka a bayan babur don su kama ƙasa, don na ce masa da zarar sun kama shi ke nan, ba su ƙara neman kowa. Bana ya daina, yadda takardar da aka raba da dashen ta ce.

Na ce ya tsinko mini ganye ya aiko in duba.

"Ai na san ke ce maganinsu," in ji shi.

Bayan na ajiye wayar na daɗe a zaune a bakin gado.

Litinin, 9 ga wata, 7:25 na safe

Sun tashi daga barci.

Talatin cif a layin lamba tara, rumfa ta uku, kore shar, ganye fala-fala. Warin ya ragu. Kowace leda da alamarta a soke, da rubutun hannuna: R3, wato rumfa ta uku. Na leƙa rumfa ta ɗaya, layin lamba tara ya yi giɓi, an ja ledojin an rarraba su don kada a gane.

Ko mai sayar da tumatir ya fi wannan iya ha'inci. Ganyen da ya gama girma ba ya sake halitta. Wanda ya fito cikin ƙishi ƙarami ne, mai kauri, mai tauri, haka zai mutu. Wanda ya fito cikin wadata faffaɗa ne, siriri, kana ɗaga shi ga rana kana ganin inuwar yatsanka. Ba yadda za a yi dashen da ya yi mako takwas ba ruwa ya ɗauki irin wannan ganyen. Farfesa ya sani. Shi ya koya mini, a ajin farko, yana riƙe da ganye biyu a hannu.

Baba ya wuce ni da baro a rufe da buhu. Ya ce, "Ina kwana, Malama." Na ce, "Lafiya lau, Baba." Kowa ya kalli gefe.

Na wanke hannu.

Talata, 10 ga wata, 3:00 na yamma

An fenti duwatsun bakin hanya fari. An fenti gindin itatuwa fari. Da mun tsaya wuri ɗaya da mu ma an fente mu.

Alhamis, 12 ga wata, 11:30 na safe

Saƙon Yaya ya iso hannun direban mota, cikin ledar burodi. Ya rubuta a guntun kwali: "Na gabas, na tsakiya, na yamma." Ya ɗaure kowane kashi da zare daban, yadda na taɓa nuna masa. Mutumin da bai gama sakandare ba ya fi cibiyar nan tsabtar aiki.

Na auna. Ƙanana, masu kauri, ƙofofin numfashi a cunkushe, gefe ya fara ƙonewa. Daidai da abin da na gani a rumfa ta uku a mako na biyar. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Na san abin da ke zuwa, har ranar zan iya faɗa.

Na sa su a ambulan na tura can ƙarshen durowa. Ban kira shi ba.

Juma'a, 13 ga wata, 4:40 na yamma

Gwajin jawabi a ɗakin taro. 'Yar To ce za ta riƙa danna majigi. An nuna jadawalina a bango, babba, an yi masa launi. Ya tsaya a mako na huɗu. Daga nan sai hoton wata mata tana murmushi tana rungume da akuya.

Farfesa ya ce, "Akwai tambaya?"

Mutum goma sha ɗaya, duk masu digiri, kowa ya duƙar da kai yana nazarin biskit ɗin gabansa. Ni ma.

Lahadi, 15 ga wata, 5:10 na yamma

Mama ta kira. Ta ce Yaya ya rame, kullum yana gona tun safe, yana zagaya itatuwa kamar mai jinya. Ta ce ta gaya masa ya kwantar da hankali, ƙanwarsa ce ta haɗa irin, ba ta yin abin banza. "Ko ba haka ba, Auta?"

Na ce layi ba kyau.

Laraba, 18 ga wata, 2:00 na rana

An ba kowa sabuwar riga mai hoton ganye a ƙirji. Tawa tana warin leda.

Alhamis, 19 ga wata, 6:05 na yamma

Sun zo, su huɗu. Uku maza masu ɗaukar hoton komai, har tankin ruwa. Ta huɗu dattijuwa ce mai dogara sanda, ba ta ɗauki hoton komai ba. A ɗakin taro ma lumshe ido ta yi har na ɗauka barci take.

Da muka shiga rumfa ta uku Farfesa ya buɗe hannuwa kamar mai gabatar da 'ya'yansa. Mazan suka ce kai, madalla. Ita kuwa ta tsaya a layin lamba huɗu tukuna, ta murza ganye ɗaya, ta gyaɗa kai. Ta tako a hankali zuwa lamba tara. Ta tsinki ganye, ta ɗaga shi sama wajen haske. Ta naɗe shi a yatsa, ya naɗu kamar ƙyalle.

Ta ce, "Wannan mako nawa ya yi ba ruwa?"

Farfesa ya ce, "Tara. Ga ma mai aikin nan, ita ke awo."

Ta juyo ta dube ni. Ba fushi a idonta, ba tarko. Tambaya kawai, irin ta abokin sana'a. "'Yata, mako tara?"

Na ji Baba a bayana ya daina jan tiyo.

Na ce, "Haka yake a takarda."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta buɗe jakarta, ta sa ganyen a tsakiyar wani littafi, ta rufe. Da za su tafi ta miƙa wa kowa katinta, ni ma ta ba ni.

An yi liyafa. Farfesa ya ci kaza da hannu biyu, maiƙo har gwiwar hannu. Ya raɗa mini, "Kin kyauta." Na shiga banɗaki na amayar da lemon da na sha.

Haka yake a takarda. Ni ce na faɗi wannan. Da bakina.

Juma'a, 20 ga wata, 7:30 na safe

Haka yake a takarda.

Talata, 24 ga wata, 12:10 na rana

Wasiƙa ta zo daga wajensu. Ban gan ta ba, amma 'Yar To ta gani don ita ta buga kwafinta. Suna son ainihin littattafan awo na shekara biyu, suna son bayani a kan dashen rumfa ta uku. An rufe ƙofar bene tun safe. Masinja ya hau da shayi sau huɗu.

Alhamis, 26 ga wata, 3:45 na yamma

Ashe haka za su yi.

An kafa kwamitin cikin gida, mutum uku, duk abokan cin kazarsa. Cikin yini ɗaya suka gama bincike. Sakamako: ma'aikacin ban-ruwa, saboda tsufa da rashin iya karatu, ya rikita ledoji ya kuma shayar da rumfar da bai kamata ba, ba tare da sanin hukuma ba. An dakatar da shi. Saura wata biyar ya yi ritaya.

Na hango shi ta taga yana mayar da makullin sito. Ya naɗe tiyo tukuna, zagaye-zagaye, yadda yake yi kullum, ya rataye shi a ƙusa. Ya cire rigar nan mai hoton ganye ya ninke ya ajiye a kan baro. Ya fita da singileti da tsohuwar rigarsa a kafaɗa.

An kawo mini takardar shaida in sa hannu, cewa na sha lura da kurakuransa. 'Yar To ta riga ta sa nata, ga shi nan da ɗan kwalliyar da take yi a ƙarshe. Na ce biro ba ya tare da ni. Masinja ya miƙo nasa. Na ce zan karanta tukuna.

Juma'a, 27 ga wata, 10:00 na safe

Farfesa da kansa ya sauko ɗakin awo. Bai taɓa ba. Ya zauna a gefen teburina, a kan gilasan da na shanya, na ji ɗaya ya ce ƙas.

"'Yata, a bar kaza cikin gashinta. Tsohon nan ba abin da zai same shi, in ƙura ta lafa zan san yadda zan yi da shi. Ke kuma saura wata uku ki kare digirinki." Ya dubi durowata. "Koren littafin nan na bara, yana ina?"

Na ce ina jin yana gida.

"Ki kawo shi Litinin a sake kwafe shi da kyau. Akwai ƙazanta a ciki. Ƙazantar kuma da rubutun wa take, kin fi ni sani."

Ya tafi ya bar turarensa. Na buɗe duk tagogi.

Asabar, 28 ga wata, 5:30 na yamma

Na je gidan Baba. Sai da na tambayi mutum uku kafin na gane lungun. Ɗaki biyu, tsakar gida kamar tafin hannu, an share tas. A jikin bango ga gwangwanayen madara jere, kowanne da dashe. Lamba huɗu ce, wadda ake zubarwa in an gama gwaji don ba wanda ke son hotonta.

Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta koma ɗaki. Ba ta amsa gaisuwata da kyau ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na ce, "Baba, na zo in ba ka haƙuri."

"Na me, Malama? Ke kika kore ni?"

Ya ɗauki wani gwangwani yana cire masa ciyawa.

"Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Wai ban iya karatu ba. Shekara talatin da ɗaya ina karanta lambar leda. Ko ba lamba, rufe mini ido ki ba ni ganye, in gaya miki rumfar da ya fito. Jikana ya ji a makaranta wai kakansa ya ɓata aikin gwamnati don jahilci."

Na ce ban sa hannu ba.

Ya ce, "To, Allah ya yi albarka." Bai ce kada in sa ba, bai roƙe ni komai ba. Da na miƙe zan tafi ya rako ni ƙofa, sai ya ce, a hankali, kamar mai zancen farashin gishiri, "Gawar bara ma ni na kwashe, Malama. Baro huɗu. Kina tsaye da koren littafinki."

Ban san yadda na kai titi ba.

Lahadi, 29 ga wata, 9:15 na safe

Na ɗauko shi daga ƙasan akwati. Shafi na sittin da ɗaya zuwa saba'in, lissafin dashen lamba tara da suka mutu bara. Rubutuna ne, mai kyau, a tsaye. Layin da aka ja a kai daga kusurwa zuwa kusurwa shi ma nawa ne, da rula na ja shi. A gefe na rubuta "kuskuren awo". Har kwanan wata na sa. Mako uku bayan wannan ranar na hau motar cibiya zuwa gonar Yaya.

Lahadi, 1:40 na rana

Na ɗauki hoton kowane shafi, har da na bana, har da ganyen Yaya a kan farar takarda da rula a gefe. Katin dattijuwar yana cikin aljihun rigar nan mai warin leda. Na rubuta mata layi biyar. Na goge "an umarce ni" na sa "na yarda". Na tura.

Na ɗauka zan ji sauƙi. Ban ji komai ba sai yunwa.

Litinin, 30 ga wata, 8:20 na safe

Masinja ya zo karɓar littafi da takardar shaida. Na ce ya gaya wa mai gidansa littafin ya riga ya tafi inda aka neme shi.

Laraba, 1 ga sabon wata, 4:00 na yamma

Ba mai zama kusa da ni a kantin abinci. 'Yar To ta kwashe kayanta ta koma ɗakin kwamfuta. A baranda ta tsaya ta ce, "Ke ma dai, ƙawata. Yanzu in aka yanke tallafin, mu duka fa? Kin tuna da masu yara?" Karon farko da na ji ta faɗi abin da ke ranta, kuma ba ƙarya ta yi ba. Shi ne abin haushin.

Talata, 7 ga wata, 2:30 na rana

Wasu mutum biyu daga waje sun yi kwana biyu suna tambayoyi. Awa uku na yi a gabansu. Ba zan rubuta ba. Sun tambayi abu ɗaya sau huɗu, na ba su amsa ɗaya sau huɗu: ni na ja layin.

Juma'a, 10 ga wata, 11:50 na safe

An liƙa a allon sanarwa, tsakanin tallan haya da jadawalin masu gadi.

Farfesa ya tafi hutun ƙaro ilimi na shekara guda. An gode masa bisa hidimarsa. An janye tuhumar Baba, amma an ga ya dace ya fara hutun ritaya tun yanzu. Ba a ce a yi haƙuri ba, ba a janye kalmar nan ta rashin iya karatu ba. Ni an dakatar da ni, digirina kuma sai abin da hali ya yi. An daina raba lamba tara "har sai an kammala nazari". Su dubu arba'in da ke cikin gonakin mutane ba a ambace su ba.

Da na fito, allon Gagara-fari yana nan a bakin titi, matar tana ta murmushi da akuyarta. Wani mai gyaran taya ya jingina tayoyinsa a ƙafar allon. Aƙalla ya yi wa wani amfani.

Lahadi, 12 ga wata, 6:15 na yamma

Ina gida. Ban tsaya wajen Mama ba, na ajiye jaka na wuce gona.

Daga nesa na hango su, jere, tsirara, kamar an kafa sanduna. Layin yamma ne kawai da sauran ganye, shi ma na kwana kaɗan ne. Yaya yana tsakiya da diga, ya fara tone na gabas. Ya rame ƙwarai. Da ya gan ni ya yi murmushi, ya dafa bayansa ya miƙe.

"Likitan ganye! Kin zo duba marasa lafiyarki? Kin makara."

Na ce, "Yaya, ajiye digar, magana zan yi."

Na faɗa masa a tsaye, cikin rana, tun daga shafi na sittin da ɗaya. Ban rage ba. Murmushin bai tafi nan take ba, a hankali ya riƙa sauka.

Ya ce, "Tsaya. Ranar da kika kawo mini su, kin sani?"

Na fara cewa na ga alamu. Na tsaya. Na ce, "Na sani."

"To me ya sa, Auta?"

"An ce kowane ma'aikaci ya kai wa danginsa su zama abin misali. Na ji tsoron in ce ban da yayana, a tambaye ni dalili."

Ya kalli layukan, daga wannan kai zuwa wancan. Ya buɗe tafin hannunsa ya duba, ya rufe. Na so ya zage ni. Na so ya ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi ba tun ina yarinya. Ya tofar da yawu gefe.

"Zan ce wa Mama gara ce ta cinye su."

Na ce, "A'a, Yaya. Ni zan faɗa mata, yau."

"Ke kika sani." Ya sunkuya ya ɗauki digar, ya miƙo mini ta wajen ƙota. "Rami ɗari huɗu ne. Ni kaɗai na haƙa su. Tonewa kuwa, tare za mu yi."

Litinin, 13 ga wata, 6:40 na safe

Mama ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta shiga ɗaki ta ja labule. Da safen nan na tarar da tsohon takalmin gonarta a ƙofar ɗakina.

Litinin, 5:50 na yamma

Talatin da takwas muka tone. Hannuna duk ya yi bororo, biyu sun fashe. Yini guda bai ce mini uffan ba. Da rana ta take, ya cire malfarsa, ya miƙo mini ba tare da ya juyo ba.